Motar da ke jan sitiyari da kanta: ka san idanunta kafin ka yarda da ita

Kwana 2 da karɓar motar na kira ƙanena a waya na ce masa sitiyarin yana da matsala. Ina kan babbar hanya, na karkata zan wuce wata tirela, sai na ji sitiyarin ya yi rawa a hannuna, ya kuma ɗan ja ni baya kamar wani ya kama gefensa. Shekara 22 ina tuƙi, kuma a duk motocin da na riƙe, in sitiyari ya ja gefe to ko taya ce ta sace ko alaimen ya tafi. Ya bar ni na gama bayani, sannan ya ce, "Yaya, ka sa sigina kuwa?" Na ce ban sa ba, ai babu kowa a bayana. Ya yi dariya ya ce, "To lafiyarta ƙalau. Layi ka taka ba ka gaya mata ba."

Daren nan na ɗauko littafin motar daga aljihun dashbod, yana nan cikin ledarsa ba a taɓa buɗe shi ba, na fara bi shafi-shafi. Sai da na yi makonni ina karantawa ina gwadawa kafin ni da ita mu fahimci juna. Abin da na gano shi ne, duk na'urorin nan masu taimaka wa direba aikin karen mota suke yi. Karen mota nagari yana leƙa maka baya, ya bubbuga jikin mota in za ka hau wani abu, ya taɓa ka in ka fara gyangyaɗi. Sai dai wannan na cikin kwamfuta yana da aibi guda: wani lokaci idonsa zai rufe, kuma ba kullum yake faɗa maka ba. Shi ya sa nake cewa kada ka fara da haddace sunayen maɓallai. Fara da sanin da wane ido kowace na'ura take gani, daga nan kai da kanka za ka riƙa hango inda za ta makance.

Ɗauki tsumma ka zagaya motar

Fara da gilashin gaba. Can sama, bayan madubin tsakiya, akwai wani baƙin akwati manne da gilashin, da 'yar taga inda kyamara ke leƙowa. Ita ke karanta layukan titi da allunan iyakar gudu, ita ke bambance mutum da mota da mai keke. Wasu motocin, irin Subaru masu EyeSight, kyamara biyu gare su a jere, suna auna nisa yadda idanun mutum biyu ke yi. Ƙa'idar kyamara mai sauƙi ce: abin da ya hana ka gani ya hana ta. Rana in ta yi ƙasa tana dukan gilashi, hazo, ƙura, ruwan sama mai ƙarfi, gumin da gilashi ke yi ta ciki, kashin tsuntsu a daidai 'yar tagar, duk suna kashe mata ido. Waifar da ta tsufa tana barin zane a wurin ita ma matsala ce.

Sauko gaba. A bayan tambarin kamfani, ko a ƙasan bamba, za ka ga wani wuri mai santsi kamar faɗin tafin hannu. Radar ce a ciki. Tana harba igiyar rediyo, a yawancin motocin yanzu ta gigahaz 77, igiyar ta bugi abin da ke gaba ta dawo, daga nan ta san nisansa da saurin da yake yi. Duhu bai dame ta ba, hazo ma bai cika hana ta aiki ba. Rauninta sura. Tana jin akwai ƙarfe a gaba, amma ko mota ce, ko allon hanya, ko gadar sama, wannan sai kyamara ta taya ta tantancewa. Akwai kuma wasu ƙananan radar guda biyu a ɓoye cikin kusurwoyin bambar baya, ba za ka gan su ba, su ke lura da gefenka.

Ƙananan da'irorin nan kamar maɓallan riga da ke jere a jikin bamba kuwa sensar fakin ce. Da sauti take aiki irin na jemage, wanda kunnen mutum ba ya ji, kuma ba ta wuce 'yan mitoci. Sai kyamarar baya a saman lambar mota, in kuma motarka mai nuna kewaye ce, da wasu a ƙarƙashin madubin gefe da gaba.

Goge su duka, ka riƙe wurarensu a kai. Kada ka manna sitika a kan tambarin gaba, kada a ɗaura ƙarfen kariya a gaban radar, kada a mayar da lambar mota kanta, kada a sa baƙar leda a saman gilashi ta rufe tagar kyamara. Ni tsumman nan a aljihun ƙofa yake kwana, kuma na lura mafi yawan lokutan da motar ta rubuta cewa wata na'ura ba ta aiki, laka ce kawai ko ƙura.

Birki tukuna

Ba a fafe gora ranar tafiya. Nemi fili mai faɗi da babu mutane ko motoci, ka ɗaura bel, ka kai gudun kilomita 30 ko 40 a awa, sannan ka taka birki iya ƙarfinka kamar yaro ne ya faɗo gabanka. Za ka ji birkin yana kakkarwa a ƙarƙashin ƙafarka, da wata ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. ABS ke nan. Tana matse birkin kowace taya tana saki sau da yawa a daƙiƙa guda don kada tayar ta ƙame ta fara jan ƙasa, domin tayar da ta ƙame ba ta bin sitiyari. Ba sabon abu ba ne, tun 1978 Mercedes-Benz da Bosch suka sa ta a S-Class, amma har yau mutane na jin kakkarwar nan su tsorata su ɗage ƙafa, daidai lokacin da ya kamata su danne.

Mu da muka koya a tsofaffin motoci an horar da mu mu riƙa takawa muna saki idan titi na santsi. A motar ABS wannan ɗabi'ar nisa take ƙara maka. Taka, ka danne, ka juya sitiyari ka kauce wa abin. Maimaita sau 3 ko 4 a filin har ƙafarka ta daina mamaki. Abu ɗaya da za ka sani: a kan yashi ko tsakuwa, ABS na iya sa motar ta ɗan ƙara tafiya kafin ta tsaya, don haka a irin wannan hanya ka ƙara tazara.

Ƙanwarta ita ce mai hana mota juyawa, wadda ta fito a 1995. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa mata: ESP, ESC, Toyota na cewa VSC, Honda VSA, BMW kuma DSC. Tana duba inda ka nufa da sitiyari ta kwatanta da inda motar take juyawa a zahiri. In suka saɓa, sai ta kama birkin taya guda ta rage ƙarfin inji, ta dawo da motar kan hanya. Alamarta mota ce da layuka biyu masu lanƙwasa a bayanta. In tana walƙiya, aiki take yi, kuma saƙon shi ne gudunka ya fi ƙarfin titin. In ta tsaya a kunne, ko an kashe ta ko ta lalace. Maɓallin kashe ta na ranar da ka kafe a yashi ko taɓo ne, inda kake so tayoyi su juya su haƙo kansu. Da ka fita, ka mayar.

Sai birkin gaggawa mai taka kansa. Wannan kada ka gwada shi da bango ko motar wani, wallahi na ji masu yin haka. Yadda yake: kyamara da radar suna lissafin daƙiƙa nawa suka rage ka bugi abin da ke gabanka. Da farko ƙara da jan rubutu, in ba ka motsa ba motar ta taka da kanta. Volvo ta fara sa nata, City Safety, a XC60 a 2008, a lokacin bai wuce gudun kilomita 30 ba. Na yanzu sun fi haka nesa, kuma cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora a Amurka ta gano yana rage bugun mota ta baya da kusan rabi. Rabi dai. In gudun ya yi yawa, iyakarsa ya rage ƙarfin bugun, kuma gane mai tafiya a ƙasa cikin duhu yana ba shi wuya fiye da da rana. Shiga saiti ka sa gargaɗin a kan na wuri ko na tsakiya, kada ka kashe shi don ya taɓa firgita ka sau ɗaya. In ya taɓa tsayar da kai, ɗora ƙafarka a birki nan take, don motoci da yawa daƙiƙa kaɗan suke riƙewa su saki.

Kurus mai bin motar gaba

A nan na fi daɗewa, don a nan na fi jin daɗi kuma a nan na fi tsorata. Tsohon kurus, wato na'urar da ke riƙe maka totur, gudu kawai yake riƙewa. Wannan, wanda za ka ga an rubuta ACC, yana riƙe gudun da ka sa, in ya tarar da mota a gaba ya rage ya bi ta, in ta kauce ya koma gudunsa. A doguwar tafiya ƙafa tana hutawa ƙwarai.

Ka fara gwada shi da rana, a babbar hanya mai layi biyu ko fiye, babu cunkoso. Kunna, kai gudun da kake so, danna SET. Sannan nemi maɓalli mai hoton mota da sanduna a gabanta, shi ke saita tazara. Sandunan nan lokaci suke aunawa, ba mitoci ba: mafi ƙanƙanta wajen daƙiƙa 1 ne, mafi tsawo wajen 2 ko sama kaɗan. Sa mafi tsawo. A gudun kilomita 100 a awa motarka na cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, ka ga sanda guda ba komai ba ce. Na sani, in ka bar fili wasu za su riƙa kutsowa. Bar su su shiga. Ƙafarka kuma ta zauna kusa da birki, kada ka naɗe ta ƙarƙashin kujera, kuma ka saba da cewa taɓa birki kaɗan yana kashe kurus ɗin, maɓallin RES ke dawo da shi.

Idonka ya riƙa komawa kan ɗan hoton motar da ke fitowa a dashbod. In hoton yana nan, ta kama motar gabanka. In ya ɓace alhali kai kana ganin mota, to ita ba ta gani, kuma za ta ƙara wuta.

Wurare uku na koyi karɓe tuƙina tun kafin a kai. Na farko kwana mai kaifi: motar gaba ta fita daga saitin radar, motarka ta ɗauka hanya ta buɗe, ta taka totur a tsakiyar kwana. Na biyu lokacin sauka daga babbar hanya: kana bin wata a hankali, ka karkata zuwa mafita, gaba ya zama fili, sai ta zabura tana neman gudun da ka sa mata tun ɗazu. Na uku shi ne mai kisa, wato abin da ke tsaye cak. Gefen titi cike yake da abubuwan da ba sa motsi, alluna, turaku, gadoji, kuma da motar za ta taka birki saboda kowannensu da ba ta tafi ko'ina ba. Saboda haka aka koya mata ta yi watsi da yawancin abin da ba ya motsi idan ana gudu. Ranar da abin ya same ni, ina bin wata farar mota a gudun 90, ta kauce hagu ba zato, sai ga wata babbar mota da ta mutu a tsakiyar layina. Motata ba ta rage ba, sai ma na ji ta fara ƙarawa. Ni na taka. Da na koma gida na duba, ga gargaɗin nan a littafin, har da zanen motoci uku daidai yadda ya faru. Duba naka, da wuya ka rasa shi.

Cikin ruwan sama mai ƙarfi, ko hanyar da babura da mutane ke gittawa, kashe shi gaba ɗaya.

Layi, da hannunka a kan sitiyari

Abu uku ne ake haɗawa a kira da suna ɗaya. Akwai mai gargaɗi kawai, ya yi ƙara ko ya girgiza sitiyari in ka taka layi. Akwai mai ɗan turo ka ciki in ka kai bakin layi, irin wanda ya ruɗe ni. Akwai kuma mai riƙe ka a tsakiyar layi koyaushe, yana juya sitiyarin da kansa. Biyun farko a motoci da yawa sai an kai gudun kilomita 60 ko 65 suke farkawa. Duba layuka biyun da ke dashbod: in sun yi kore ko fari sosai, kyamara ta ga fenti, in sun dushe ba ta gani ba. Sigina ke gaya mata da gangan kake tsallakawa. Ni dai abin da malamin tuƙi ya kasa sa ni yi shekaru da yawa, motar nan ta sa ni cikin mako guda.

Inda take rikicewa: layin da ya goge, wurin gyaran hanya da tsohon fenti da sabo suka haɗu, tsagin kwalta da aka cike da baƙi, inuwar shingen gefen titi, ruwa kwance yana ƙyalli. Jan da take yi ba shi da ƙarfi, an yi shi ne yadda hannunka zai rinjaye shi, amma sai hannun yana wurin. In ka saki, bayan kimanin daƙiƙa 15 za ta fara ƙorafi. Yawanci nauyin hannunka take ji a juyin sitiyari, shi ya sa a miƙaƙƙiyar hanya takan ce ka riƙe alhali kana riƙe, ɗan motsa shi kaɗan ya isa. Masu rataya kwalbar ruwa a sitiyari don su yaudare ta, ban san me zan ce musu ba.

Kada suna ya ruɗe ka. Ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE ta kasa abin mataki 6, daga 0 zuwa 5. Autopilot na Tesla, ProPilot na Nissan, Super Cruise na General Motors, BlueCruise na Ford, duk mataki na 2 ne, ma'ana motar na riƙe gudu da sitiyari amma kallon hanya da alhakin duk abin da ya faru naka ne, ko da a waɗanda ke barin ka saki hannu. A watan Mayun 2016 a jihar Fulorida ta Amurka, wata Tesla Model S da ke kan Autopilot ta shige ƙarƙashin tirelar da ta gitta hanya, motar ba ta taka birki ba, direban ma bai taka ba, ya rasu. Mataki na 3, inda doka ta yarda ka ɗauke ido na ɗan lokaci, kaɗan ne ƙwarai, irin su Honda Legend a Japan a 2021, da Drive Pilot na Mercedes a Jamus, wanda ya fara da iyakar kilomita 60 a awa a kan wasu manyan hanyoyi. In ba ka tabbata ba, taka ba ta cikinsu.

In motarka ta kasuwar Tarayyar Turai ce kuma sabuwa daga Yulin 2024, za ka tarar tana ƙara duk lokacin da ka wuce iyakar gudu, kuma ko ka kashe, da ka sake tayar da mota ta dawo. Doka ce, ba lalacewa ba. Takan yi kuskure, ta karanta allon wata hanyar gefe ko sitikar gudu da ke bayan tirela, don haka allon da idonka ya gani shi ne gaskiya. Hoton kofi da ke fitowa ya ce ka huta kuwa, daga yadda kake gyara sitiyari ko daga kyamarar da ke kallon fuskarka yake gane gajiya. Sau biyu ya fito mini, kuma duka biyun gaskiyarsa ne.

Gefe da baya

Fitilar da ke kamawa a madubin gefe tana cewa akwai mota a inda madubi ba ya nunawa. In ta kama, yarda da ita. In ba ta kama ba, kada ka yarda, juya kai ka duba, domin babur ko motar da ta taho a guje na iya isowa kafin ta ankara. Waɗannan radar ɗin na baya su ne kuma ke yi maka ƙara in kana fitowa da ribas daga tsakanin motoci wata na gittowa.

Kyamarar baya, wadda ta zama dole a sababbin motocin Amurka tun Mayun 2018, gilashinta mai faɗi ne, yana lanƙwasa hoto ya ɓata nisa. Ga yadda na koyi tawa: na ajiye kwali a bayan motar, na yi ribas har jan layin allo ya taɓa shi, na ja birkin hannu na fito na duba. Wajen rabin mita ya rage. Na sake yi har sensa ta koma ƙara ɗaya mai tsawo, na fito, saura kamar tsawon tafin ƙafa. Yi naka, minti 10 ne, kuma daga ranar ka san me launukan ke nufi. Layukan nan a ƙasa aka zana su, don haka abin da ke sama, kamar bayan babbar mota ko reshen bishiya, ya fi kusa da yadda yake a allo. Sensa kuma takan tsallake siririn turke, sarƙa, waya, da dutsen da bai kai tsayinta ba. Hoton sama mai nuna kewayen mota ɗinki ne na kyamara 4, a kusurwoyin da aka haɗa abu kan iya ɓacewa. Inda yara ke wasa, zagaya motar da ƙafarka kafin ka shiga.

Fitilun dashbod da batir

Ja na nufin tsaya, ruwan ɗorawa na nufin a duba ba da jimawa ba, kore ko shuɗi labari ne kawai. Wadda ta fi ruɗa mutane ita ce mai kama da tukunya da alamar motsin rai a ciki. Iskar taya ce. A motocin Amurka sai iska ta ragu da kashi 25 cikin 100 take kamawa, ka ga ba ta maye gurbin awo. Adadin da ya dace yana kan takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, ba wanda aka rubuta a jikin taya ba, kuma da sanyin taya ake aunawa. Na'urar lura da iskar iri biyu ce: mai sensa a cikin kowace taya a gindin bawul, da mai lissafi daga juyin tayoyi ta hanyar ABS. Mai sensa, gaya wa mai faci kafin ya sa ƙarfe, don da sauƙi ake fasa ta. Mai lissafi kuma dole ka shiga saiti ka sake saita ta duk lokacin da aka ƙara iska ko aka juya tayoyi. In fitilar ta yi walƙiya kamar minti 1 sannan ta tsaya, na'urar ce da kanta ta samu matsala.

Wata safiya na tayar da mota fitilu kusan 6 suka kama lokaci guda, birki, sitiyari, layi, radar. Gabana ya faɗi. Ashe batir ne ya yi sanyi. Kwamfutocin mota ba sa son ƙarancin wuta, don haka in ka ga taron fitilu haka, a fara auna batir kafin a kwance komai. Motar da ke kashe injinta a tsaye ta tayar in ka saki birki tana buƙatar batir na musamman, AGM ko EFB, na gama-gari ba ya daɗewa a cikinta, wasu motocin ma sai an shaida wa kwamfuta an sa sabo. A ƙarƙashin sitiyari akwai soket mai baki 16, OBD, nan ake jona kwamfutar bincike. A karanta abin da motar ta ce tukuna, kada a fara canje-canjen kaya da ka.

Maɓallin Auto Hold yana riƙe birki in ka tsaya har sai ka taka totur. A cunkoso ni'ima ne, a fakin cikin matsi kuma kashe shi, don yana sa mota ta zabura. Birkin hannu na lantarki, a motoci da yawa in ka ja shi ka riƙe kana tafiya zai tsayar da kai, wannan na ranar da birkin ƙafa ya ƙi ne. Kuma kafin a canza takalmin birkin baya sai an sa shi a yanayin gyara, in ba haka ba a lalata ɗan injin lantarkin da ke jan birkin.

Allo, waya da makulli

Allon nan na tsakiya shi ne na'urar da na fi zargi a duk motar. Kallon daƙiƙa 2 a gudun 100 tafiyar mita 56 ce ido rufe. Haɗa wayarka da Apple CarPlay ko Android Auto kana tsaye, sa inda za ka a taswira, zaɓi abin da za ka saurara, sauke taswirar a waya saboda inda babu sabis, sannan ka tashi. Koyi maɓallan sitiyari har yatsa ya san su ba tare da ido ba, musamman na amsa kira da na ba da umarni da murya. Abu uku ka nemo tun ranar farko ko da a ina aka ɓoye su: fitilar haɗari, mai share gumin gilashi, da rage ƙara. In saƙon sabunta manhaja ya zo, bari sai ka yi fakin a inda ba ka gaggawa, don wasu motocin ba sa tashi har a gama.

Makullin da ba a sokawa yana da ƙaramin makullin ƙarfe a cikinsa, nemo yadda ake zaro shi da inda ramin yake a hannun ƙofa, sau da yawa a ƙarƙashin murfi. In batirinsa ya mutu, a yawancin motoci kara shi a jikin maɓallin tayarwa ka danna, za ta tashi. Ɓarayi na da na'urar da ke janyo siginar makulli daga cikin gida zuwa mota, don haka kada ka rataye shi kusa da ƙofa, sa shi a jakar da ke tare sigina ko gwangwanin ƙarfe mai murfi. Kuma ka tabbata ka kashe inji kafin ka fita, musamman a gareji rufaffe. Motar haɗin lantarki da fetur tana iya yin tsit alhali a kunne take, daga baya injin ya tashi, a cikin hayaƙin kuma akwai iskar da ba ta da wari kuma tana kisa.

Bayan gyara

In an canza gilashin gaba, ko an cire bamba, ko an yi alaimen bayan bugu, ko an ɗaga motar an sa manyan tayoyi, kyamara da radar na buƙatar a sake daidaita su. Karkatar da ba ta wuce digiri 1 ba a jikin bamba tana zama kusan mita 2 a nisan mita 100, wato rabin layi. Ana yin daidaitawar da allunan gwaji a fili mai lebur, ko a fita da motar kan hanya da kwamfuta a jone, wasu motocin duka biyun. Tambayi mai gyara kai tsaye ko yana da kayan, tun kafin ya kwance. Na taɓa karɓar motata bayan gyaran bambar baya, fenti ya yi kyau, amma fitilar madubin dama ta riƙa kamawa babu kowa a gefena. An cika wurin da ƙullun gyaran jiki mai kauri daidai kan radar. Sai da aka sake bambar.

In ta hannu za ka saya, murɗa makulli ko danna maɓalli ba tare da tayar da inji ba, ka ga fitilun ABS, ESP da na jakar iska sun kama, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ta ne don a ɓoye matsala. Fita da motar kan hanya mai layi ka ga ko kyamara na kama fenti, ko kurus na kama motar gaba. Ranar da za ka sayar da taka kuma, ko za ka mayar da ta haya, shiga saiti ka goge wayarka, lambobin mutane, tarihin kira da adireshin gida da ke taswira, ka mayar da allon yadda ya fito daga kamfani, sannan ka cire motar daga manhajar da ke wayarka.